'Ya'yan Manoma Ne Mu, Don Me Za Mu Kwana Da Yunwa A Hostel?



Saura mini 'yan watanni in gama ND 2 in tattara nawa-i-nawa in bar makarantar nan, shi ya sa na ga gara in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina, ko da kuwa abokaina za su yi mini dariya. Maganar ciki ce. Na san wani zai ce, "Haba, a rasa abin rubutawa a mujallar ƙungiyar ɗalibai sai tuwo da miya?" To ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya taɓa shiga jarrabawar ƙarfe takwas na safe babu komai a cikinsa sai ruwan leda, ya san maganar ta wuce wasa.

Ni ɗan Matazu ne. Mahaifina manomi, kakana manomi. Ranar da zan taho makaranta karon farko, a ƙarshen 2023, Inna ta ɗaure mini wani ƙaramin buhu: wake tiya biyu, garin masara, garin kuka a gwangwanin madara, daddawa, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, da yaji a kwalba. Ta ce, "Riƙe wannan, ko ba komai ba ka kwana da yunwa ba." Na karɓa, na yi godiya. Amma da na iso ɗaki na ga yara da jakunkuna masu taya, kowa yana jera kwalin Indomie da gwangwanin madara a kan loka, sai na ji buhuna ya yi mini nauyi a zuciya. Na tura shi can ƙarƙashin gado, na sa takalmi a gabansa. Wata biyu ban kwance shi ba. Ranar da na kwance, waken ya koma huji-huji, ƙwari sun gama da shi. Da dare na fita na zubar a bola, don kada wani ya gani.

A waɗannan watannin biyu a ina nake ci? Wurin mai shayin bakin get, da wurin mai abinci in aljihu ya yarda. Mai shayin mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya buɗe mini shafi a littafin bashi, kuma bai taɓa tozarta ni ba. Amma littafi ba ya mantuwa. Kuɗin wata sukan ƙare tun ranar sha biyu ko sha uku, daga nan sai in shiga tsarin nan da duk muka sani, sifili-ɗaya-sifili: babu na safe, a ci sau ɗaya da rana, a kwanta da ruwa. A jarrabawar zangon farko akwai wani kwas da na karanta sosai, har ina koya wa wasu. Ranar rubuta shi, ban ci komai ba tun la'asar ɗin jiya. Minti arba'in da farawa hannuna ya kama rawa, layukan takarda suka riƙa haɗuwa da juna. Na miƙa takardata rabi ba rubutu. Kwas ɗin nan sai da na sake shi. Ban taɓa gaya wa Baba dalili ba, don kunyar in ce masa ɗan manomi ya faɗi jarrabawa saboda yunwa, alhali da hannunsa ya zubar da wakensa.

Ga maganata a taƙaice. Yunwar da muke fama da ita a hostel iri biyu ce. Akwai wadda tsadar rayuwa ta ɗora mana, wadda ba mu muka jawo ta ba. Akwai kuma wadda muke saye da kuɗinmu, saboda kunya da rashin iya ɗora tukunya. Ta farkon sai an daɗe ana fama. Ta biyun kuwa, a makon nan ma za mu iya fara maganinta.

Ba na raina ta farkon. Mu da muka shigo makaranta bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, mun fara karatu a ɗaya daga cikin lokuta mafi tsanani da iyayenmu suka gani. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Agustan shekarar muka ga yadda mutane suka fito kan titi saboda yunwa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma iyayen da yawanmu ba su ma san albashi ba, sai abin da gona ta bayar. Waɗanda suka dace da lamunin NELFUND suna karɓar naira 20,000 a wata. Ka raba ta gida talatin, ba ta kai naira 700 a rana ba. A ciki za ka ci, ka sayi data, ka buga handawut, ka sayi sabulu. Ka je bakin get da wannan kuɗin ka ga faranti nawa za su ba ka.

Kuma ba laifin mai abinci ba ne. A cikin farantin da ta zuba maka akwai kuɗin hayar rumfa, da na gawayi ko gas, da na yarinyar wanke-wanke, da na leda da cokalin roba, da ribarta, don ita ma 'ya'ya gare ta. Abincin kansa wani yanki ne kawai na abin da ka biya. Duk ranar da ka ci a waje, ka ɗauki ma'aikata ne kana biyan su. Ɗalibin da ke rayuwa da ƙasa da naira 700 a rana ina shi ina ɗaukar ma'aikata?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. A 2025 farashin hatsi ya sauko, manoma suka yi ta kuka domin taki bai sauko ba. Baba ya sayar da masararsa ƙasa da yadda ya yi fata, ya turo mini kuɗin. Da a ce ina nan a halina na da, da na kai kuɗin bakin get na sayi abincin da ni dai ban ga ya rage kuɗi ba. Ka ga gida ɗaya ya yi asara sau biyu ke nan: uba ya sayar da araha, ɗa ya saya da tsada. Wane irin lissafi ne wannan, mu da ake koya wa lissafi?

Ku dubi inda muka fito. Daga Matazu da Musawa ka gangara Malumfashi, Kafur, Bakori, Danja, Funtua da Dandume, ƙasa ce ta masara da dawa da waken suya da auduga da tumatir. Manyan motoci ke lodi daga kasuwanninmu zuwa Dawanau a Kano da kudancin ƙasar nan. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake. Nan kusa da mu, a Samaru ta Zariya, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi shekaru tana fitar da ingantaccen irin wake da masara da dawa, waɗanda iyayenmu ke shukawa. Amma mu 'ya'yansu mun jingina cikinmu da biredi da taliya, abincin alkama, alhali mafi yawan alkamar da ake ci a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita. Ma'ana, duk ranar da dala ta tashi, cikinka ya shiga uku. Wanda ya dogara da wake da masara da kuka, ruwan sama yake saurare, ba 'yan canji ba.

To me ya hana mu? Kunya. Kuma kunyar nan ma iri biyu ce.

Ta farko kunyar ƙauyanci. Muna ganin in aka ji ƙanshin daddawa daga ɗakinka, ajinka ya zube. Ni kaina abin da ya sa na ɓoye buhuna ke nan. Amma ku lura da wani abu: ɗanwaken da muke jin kunyar dafawa, shi ne ake sayarwa a manyan gidajen abinci na Kano da Abuja, a yanka masa ƙwai da kabeji, a ɗauke shi hoto a sa a Instagram. Zogalen da ke bayan gidanmu, shi ake daka wa a zuba a kwalba a kai Turai. Sai da wasu suka yaba wa abinmu sannan za mu yarda abinci ne?

Ta biyu kunyar namiji, kuma ita ta fi illa. An raine mu a kan cewa madafi wurin mata ne. Yaro ya leƙa kicin a kore shi, ya daɗe a ciki a fara yi masa kallon ɗan daudu. To amma mai shayin da muke ci a wurinsa fa, mace ce? Mai tsire fa? Mai balangu? Masu gasa biredi a gidan biredi? Kuku na manyan otal? Kakanninmu fatake da suke tafiya Gwanja fataucin goro, watanni a hanya, wa yake hura musu wuta a zango in ba su da hannunsu? 'Yan ci-raninmu da ke Legas da Fatakwal su biyar su shida a ɗaki, ai karo-karo suke yi su ɗora tukunya, kuma da haka suke tara abin da suke turowa gida. Namiji ya dafa don ya sayar, sana'a ce. Ya dafa don kada ya faɗi a ɗakin jarrabawa, sai ya zama abin kunya? Ni ban gane wannan hukuncin ba.

A nan zan ɗan taɓa 'yan'uwana maza, ku yi haƙuri. Wasunmu sun mayar da 'yan matan ajinmu gidan abinci. "Don Allah in kin dafa ki sammana." Yau kula, gobe kula. Ita ma fa ɗaliba ce kamarka, da kuɗin iyayenta ta yi cefane, ita ma tana da tes gobe. Wasu suna ba da abincin ne don kunya, ba don ya ishe su ba. Wanda yake jin girman kai ya hana shi riƙe muciya, bai kamata girman kan nan ya bar shi ya riƙa bin kular mutane ba.

Ni a hutun ƙarshen zangon farko na sauke nawa girman kan. Na sami Inna tana tankaɗe, na tsuguna na ce, "Inna, so nake ki koya mini girki." Ta dube ni ta dubi yayata, suka fashe da dariya. Yaya ta ce, "Boko ya zo da sabon salo." Da na ba su labarin waken da na zubar da jarrabawar da na faɗi, dariyar ta tsaya. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Tashi ka wanke hannunka. Abin da za ka ci ba a jin kunyar koyonsa." Mako uku na yi a gindin murhu. Tuwona na farko gudaji ne zalla, kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Na biyu ya yi ruwa. Kafin in dawo makaranta, Baba ya ci tuwon da na tuƙa bai gane ba na Inna ba ne, ko kuma ya gane ya rufa mini asiri.

Da na dawo sai na tara 'yan ɗakinmu. Mu huɗu ne: ni, da wani ɗan Funtua, da ɗan Malumfashi, da wani ɗan cikin gari wanda mahaifinsa ya yi ritaya, ba su da gona. Muka kafa abin da muke kira tukunyar haɗaka. Ni nake kawo wake da kuka da daddawa. Ɗan Funtua masara, gari da tsaki. Ɗan Malumfashi gero da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗan cikin gari shi ke riƙe da mai da gishiri da magi, don shi ya san inda ake samun sauƙi a kasuwa. Kuɗin makamashi da na kayan miya karo-karo muke yi ranar da kuɗin wata suka shigo, kafin shaiɗan ya kawo shawara. Dokokinmu uku ne kacal. Kowa da ranar girkinsa, wanda ya dafa ba ya wanke-wanke. Ana auna komai da gwangwani, ba da ido ba. Baƙo ɗaya ba ya gagarar tukunya, amma wanda zai gayyato mutum uku sai ya faɗa tun da safe. Akwai littafi, kamar na mai shayi, sai dai wannan namu ne. Mun yi faɗa? Sosai ma, har sau biyu tukunyar ta kusa fashewa, duk a kan wanke-wanke. Amma yau shekara ɗaya da rabi ke nan, babu ɗayanmu da ya sake yin sifili-ɗaya-sifili.

Bari in faɗi abin da muke dafawa, don kada a ce surutu ne kawai.

Da safe kunun tsamiya. Garin geron tun daga gida ake niƙo shi da citta da kanumfari. Ka jiƙa tsamiya da dare, da safe ka tace, ka dama garin da ruwan tsamiyar, ka sheƙa tafasasshen ruwa. Minti goma. In an soya waken suya an niƙa, ka zuba cokali biyu a ciki, zai riƙe ka har azahar. In kuwa tuwo ya kwana, ai ɗumame sarkin karin kumallo ne, ba ya neman komai sai wuta.

Da rana garau-garau, abokin talaka. Shinkafa da wake da mai da yaji. Sirrin araharsa shi ne ka rinjayar da wake a kan shinkafa, don wake ya fi riƙe ciki. Kada ku raina haɗin nan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wake sinadarin gina jiki ne, kuma abin da hatsi ya gaza da shi wake yana da shi, abin da wake ya gaza da shi hatsi yana da shi. Iyayenmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun daɗe da haɗa su a tukunya ɗaya, kamar yadda suke haɗa su a kunya ɗaya a gona.

Ranar da lakca ta yi yawa, ɗanwake. Wanda ya ce ba shi da lokacin girki bai san ɗanwake ba. Garin wake da na rogo a haɗe tun daga gida, ka zuba kuka kaɗan, ka kwaɓa da ruwan kanwa, ka riƙa jefawa a tafasasshen ruwa. In ya taso sama ka ba shi 'yan mintoci, ka tsame a ruwan sanyi, ka sa mai da yaji da albasa. Kafin wanda ya tafi layin mai shayi ya dawo, ka ci ka wanke kwano.

Da dare tuwon masara miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Miyar kuka ita ce miyar da ba ta san tsadar tumatir ba: ruwa, daddawa, barkono, albasa, ɗan busasshen kifi in akwai, ka kaɗa kuka da maburgi. Ranar da aka gaji da tuwo, faten tsaki da yakuwa ko alayyafo, a jefa dakakkiyar gyaɗa. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, mutum huɗu su ƙoshi. Ga kuma kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, wanda in ka haɗa shi da jiƙaƙƙen garin kwaki ya zama abinci sosai. Lokacin dankalin Hausa, a dafa a ci da ƙuli da yaji. Ranar Asabar in an sami sarari, dambu, don ɗan Malumfashi ya zo da madambacin gidansu.

Nama fa? Gaskiya ba kullum ba. Sau ɗaya a mako mukan sayi ƙashi ko kifi, wani lokacin ƙwai ko awara. Ba mu mutu ba, kuma ba mu rame ba.

Akwai dabaru uku da na koya da wahala, gara ku same su a ɓagas.

Na ɗaya, ajiya. Waken da ya lalace mini, iska ce ta ba ƙwarin rai. Ka sami jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, ta bushe sarai, ka cika ta da wake taf, ka toshe murfin da leda. In iska ta ƙare, ƙwarin sun mutu. Wannan ita ce hikimar buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, kuma ana samun sa a kasuwanninmu. Don Allah kada wanda ya zuba wa abincinsa fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da Bature ya ƙi ci, kai ma cikinka ba bola ba ne. In waken kasuwa ka saya, ka wanke shi sosai, ka zubar da ruwan tafasar farko.

Na biyu, makamashi, don shi ne ke cinye ribar girki. Ka jiƙa wake tun da dare, zai nuna da wuri ba sai ka cika masa kanwa ba. Ka rufe tukunya. In jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, ka sauke shi da murfinsa, ka naɗe tukunyar da tsohon bargo, ka tafi lakca. Kafin ka dawo zafin da ke ciki ya ƙarasa aikin. Sannan ka san lokacin kowane abu. Tumatir da tattasai suna araha lokacin noman rani, su yi tsada da damina. Lokacin arahar ka saya ka yanka ka shanya, kauɗa ba ta ruɓewa. Hatsi kuwa da kaka ake awonsa.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, rai. Kada ka taɓa shigar da kurfoti mai garwashi cikin ɗaki ka rufe ƙofa da taga, musamman lokacin sanyi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. Mai amfani da gas ya riƙa duba tiyo, ya kashe daga kan silinda. Kada a ɗora abin girki na lantarki a kan wayar da aka yi wa ɗaurin gwarmai. A bi dokar hostel game da inda aka yarda a yi girki. Abincin da ya kwana kuma, musamman shinkafa, a ɗumama shi ya yi zafi har ciki, in ya canza wari a haƙura. Arahar da za ta kai ka asibiti ba araha ba ce.

Na san akwai masu ja da ni, kuma wasu suna da hujja.

Wani zai ce, "Kai kana da gona a gida, ni fa?" Gaskiya ne. Akwai marayu a cikinmu, akwai 'ya'yan ma'aikata, akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba iyayensu da gonakinsu. Mu ma a yankin Matazu mun san wannan, akwai gonakin nesa da aka yi damina ba a taka su ba, kuma buhun da Inna ke ɗaure mini ba kullum yake cika ba. Amma ai wannan ne dalilin haɗakar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai hatsi ya kawo hatsi, mai 'yan kuɗi ya kawo mai, wanda ba shi da ko ɗaya ya kawo hannunsa, ya ɗauki ranar girki biyu. A tukunya ba a gane tiyar wa ce ta fi yawa. Ko da kuwa duk ku huɗun babu mai gona, awon tiya ya fi sayen gwangwani-gwangwani sauƙi, sayen gwangwani kuma ya fi sayen faranti.

Wani zai ce lokaci. A tsarinmu, girki yakan zagayo kan mutum sau biyu a mako, in ya yi yawa. Ka duba wayarka ka ga awa nawa ka ba TikTok jiya, sannan mu yi maganar lokaci.

Wani kuma zai ce, "Wato kana so mu koyi haƙuri da yunwa, mu ƙyale masu mulki?" A'a. Tsadar abinci da rashin tsaron da ya hana noma, haƙƙi ne a wuyan shugabanni, kuma ba za mu daina faɗa ba. Sai dai ban taɓa ganin wanda yunwa ta kayar a ɗakin jarrabawa ya gyara ƙasa ba. Ka ci ka ƙoshi, ka ci jarrabawarka, muryarka za ta fi fita.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku ga shugabannin ƙungiyarmu, waɗanda muka zaɓa da ƙuri'unmu.

Na farko, ku zauna da hukumar makaranta a kan samar da rumfar girki ta haɗaka kusa da kowane hostel, a fili mai iska, da ruwa da abin kashe gobara. Hakan zai raba ɗalibai da girkin ɓoye a cikin ɗaki, wanda shi ne haɗarin. 'Yan'uwanmu na sashen injiniya suna neman abin yin furojet kowace shekara. Ga murhu mai tsimin gawayi nan, su ƙera mana, su sami maki, mu sami tuwo.

Na biyu, ku gwada sarin hatsi da kaka. Ɗalibai masu so su yi rajista su zuba kuɗi, a tura wakilai Dandume ko Bakori ko Funtua a auno buhuna lokacin da kaya suke ƙasa, a raba da tiya a kan farashin sari. Sharaɗi ɗaya: a liƙa lissafin a allon sanarwa, kowa ya gani, har kuɗin mota da na dako. In babu wannan, gara kada a fara.

Na uku, a taron karɓar sababbin ɗalibai, bayan an gama jawabin dokoki, a ware awa ɗaya a nuna musu yadda ake tuƙa tuwo da jefa ɗanwake da lissafin cefanen wata, maza da mata. Ni na yarda in zo in nuna kafin in tafi, da muciyata.

Makon jiya na ga wani sabon ɗalibi ya sauko daga mota da ɗan buhu a kafaɗa, yana waige-waige, yana ƙoƙarin rufe shi da jakarsa. Na gane buhun, don na taɓa ɗaukar irinsa. Na ce masa, "Ƙanena, me Inna ta ɗauro maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce wake ne da kuka. Na ce ya biyo ni, akwai jarka ɗaya da ba ma amfani da ita.

Kai ma da kake karanta wannan, in akwai irin buhun nan a ƙarƙashin gadonka, jawo shi yau kafin ƙwari su riga ka. Wadda ta ɗaure shi ba ta yi don ka ɓoye ba.

Wassalam.

Ɗan'uwanku, ɗalibin ND 2, daga Matazu.